Kwanon Baba a wajen ciyayya

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Sale na Balan, kuma har yau in na ga an ware wa mutum abinci da sunan girmamawa, sai raina ya sosu.

Baba manomi ne mai son jama'a da tsokana. Kullum bayan magariba yakan ɗauki kwanonsa ya fita ciyayya ƙofar masallaci, inda magidantan unguwa ke haɗa tuwonsu su ci tare. Ni ke tuƙa masa tun bayan rasuwar Inna. Wani ciwon fata ya fara masa a gwiwar hannu da ta ƙafa, fatar ta yi kauri, ta yi farin ɓawo mai zuba kamar dusa. Daga baya ya hau kai, ya ɓata farce, yatsunsa suka riƙa sankarewa da safe. Wasu suka ce kirci ne, wasu suka rage murya suka ce kuturta.

Babu wanda ya kore shi, mutanenmu ba sa haka. Sai dai aka fara tura masa kwanonsa gabansa, wai dattijo ne kada a takura masa, alhali cikinsu akwai waɗanda suka girme shi. Ni a kwanon nake gane komai, domin yakan dawo an ci gefe ɗaya kawai. Na sha roƙonsa ya ci a gida. Sai ya yi dariya ya ce ranar da ya zauna a ɗaki ya tabbatar musu da zarginsu ke nan. Har hawan jini ya yi ajalinsa bai fasa fita ba.

Ko sunan ciwon bai taɓa ji ba. Sai bara, da ya fito wa ƙanena Auwalu a ka da bayan kunne, likitan fata a Kano ya ce soriyasis ne. Ya ce ba a ɗaukarsa ta gaisuwa ko cin abinci, yakan bi jini a wasu gidaje, ba ya rabuwa da mutum gaba ɗaya amma magani na kwantar da shi. Da Baba ya ji wannan, na rantse sai ya sa an faɗa a lasifikar masallaci, sannan ya bi su ɗaya-ɗaya da tsiya. Bai bar mana dukiya ba, amma ya bar mana ƙin ɓuya, ni kuma ba zan bari wannan ya ɓace a gidanmu ba.

Auwalu bai gado taurin kansa ba. Ya daina fita ciyayya, ya koma ci shi kaɗai. Da labari ya iske ni a Ajingi inda nake aure, na hau babur na zo, na tuƙa tuwo na ɗora masa kwano a hannu.

"Yaya, ba zan iya jure abin da Baba ya jure ba," in ji shi.

Na ce masa Baba ya fita bai san komai ba, shi kuwa ya sani, don haka ya gaya musu abin da likita ya ce kafin ya zauna. In sun ƙi, zan dawo wani mako in sake tuƙawa.

Ya fita da kwanon, na tsaya a zaure ina leƙensa. Ya yi maganarsa a tsaye. Can Malam Idi, wanda ya fi kowa tsufa, kuma shi ya fara tura wa Baba kwano a da, ya wanke hannu ya ɗago kai.

"Matso da tuwon nan kusa, ɗan Sale. Hannuna ba ya kaiwa."