Ranar da Yayata ta Wanke Karafan Ɗin Aro

Ko yau aka tashe ni daga barci aka ce in faɗi abin da ya fi ƙona min rai a zamana na Jidda, wankin karafan ɗin nan zan faɗa. Shekaru sun ja, amma in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi.

Ina da wani aboki, Bahaushen Sudan kamar ni, tare muka taso a unguwar Mahjar ta Jidda kafin Allah Ya buɗa masa ya koma unguwar Safa. Yana da karafan, motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da ɗan kicin da banɗaki. Saboda mahaifiyarsa ya saye ta. Tsohuwar tana fama da baya da ƙirji, ba ta iya dogon zama a ƙaramar mota, amma a karafan sai ta miƙe abinta a gado har a isa. Duk lokacin sanyi yakan kai ta Madina ziyara, ita kuwa shekara guda take yi tana jiran tafiyar nan.

A shekarar ne babbar yayata ta zo umara daga Sudan ta sauka a gidana. Da abokina ya ji ina son kai ta bakin teku da iyali, shi da kansa ya miƙo min makulli. Abu ɗaya ya roƙa, in dawo da ita kafin ƙarshen mako mai zuwa, don ranar za su kama hanya da Hajiya, mahaifiyar tasa.

Mun sha iska, ba laifi. Sai dai mun dawo da yashi a kowane lungu, ga ƙarnin kifi, ga shayin da yara suka zubar. Na faka ta a ƙofar gida na wanke bayanta tas, saboda gishirin teku ba ya barin ƙarfe lafiya. Cikin kuwa na ce a bar min, ranar hutuna zan bi shi da tsumma mai ɗan danshi yadda na ga mai ita yana yi. Na faɗa a gaban kowa, har na maimaita. Yaya ta dube ni ta taɓe baki, ta ce tun da take ba ta taɓa jin an fitar da ƙarni da tsumma ba.

Sai kun san Yaya tukuna. Mace ce da in ta ga ƙura a gidan maƙwabta ba ta iya barci. Ita ta goye ni, don haka har gobe kallon mai majina take yi min, furfurata ba ta dame ta ba. Ina fita aiki washegari ta zare makullin daga ƙusa. Matata ta ce ta yi magana, Yaya ta yi kunnen uwar shegu da ita.

Yadda matanmu suke wanke tsakar gida mai tayil, haka ta yi wa karafan. Ta jawo tiyo ta saki ruwa a ƙasa, ta zazzaga omo, ta dirje da tsintsiya, ta koro ruwan ta ƙofa. Katifa ma da kujeru sai da suka sha nasu. Da ta gama sai ta kawo kasko ta zuba turaren wuta, ya turnuƙe, ta fitar da kaskon, ta rufe ƙofa da tagogi ruf don ƙamshi ya kama. Ta kuma ja wa kowa kunne kada a faɗa min, wai so take in buɗe in ga aikin manya.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba. Siton da nake aiki a can Madinar Masana'antu yake, wato unguwar masana'antun Jidda, ina dawowa a gajiye, in ga mota a rufe yadda na bar ta, in shige. Motar kuwa tana tsaye cikin rana da danshin Jidda, wanda ko riga ka shanya sai ta yi maka gardama kafin ta bushe.

Ranar hutu na ɗauko tsummana na buɗe ƙofa. Warin da ya buge ni sai da na ja da baya. Turare ya haɗu da ruɓa. Na taka ƙasa na ji ta lotsa, ashe katako ne a ƙarƙashin ledar da aka shimfiɗa, ya sha ruwa ya kumbura. Ƙofofin kabad sun ƙi rufuwa. Na ɗaga katifar Hajiya na ga ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da fumfuna.

Na shiga gida na ce, "Yaya, me na ce miki game da motar nan?"

Ko a jikinta. Ta ce, "Kai dai ba ka da godiya. Wane irin ɗaki ne ba ya son ruwa? Waɗanda suka ƙera ta ne ƙazamai."

Wallahi da ƙanwata ce da unguwa ta ji mu. Amma yaya ce, kuma baƙuwa, sai na haɗiye na fita ina huci ni kaɗai a titi.

Na kira abokina ya zo. Ya shiga ya danna ƙasan da ƙafa, ya shinshina katifar. Na fara rantse-rantse zan gyara, ya ɗaga min hannu.

"Halas, shi ke nan, ya akhi, gyara ai za a yi. Ni abin da zan faɗa wa Hajiya nake tunani. Tun shekaranjiya ta haɗa jakarta."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Mai ciwon ƙirji ba ta kwana cikin fumfuna, ko ni na san wannan. Aka kai motar gareji, aka ɗaye ƙasan gaba ɗaya, aka yi ta jiran katakon da zai dace. Kafin a gama zafi ya shigo, likita ya hana tsohuwa tafiya. Da sanyi ya zagayo kuma jikinta ya riga ya yi nauyin da ko falo sai an ɗauko ta. Ba ta sake ganin Madina ba.

Na je gaishe ta, ba ta ce min uffan a kan maganar ba, sai albarka da ta yi ta sa min. Abokina ma muna gaisawa har yau, amma ban ƙara iya roƙonsa ko allura ba. Yaya kuwa ta koma Sudan tana ba da labarin yadda ta gyara wa mutanen Jidda mota suka ƙi gode mata. Har yanzu in mun yi waya sai ta tambaya ko ƙamshin ya kama.

Abin da na koya shi ne kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna, kuma wanda ya tabbata alheri yake yi maka ya fi kowa wuyar tsayarwa. In aka ba ka amanar abu, faɗa da baki bai isa ba, ko da wadda ta goye ka ce a gidan. Ka tambayi mai shi yadda ake kula da shi, makullin kuma ya zauna a aljihunka, domin ba ka san wanda yake can ya haɗa jaka yana jira ba.