Ginin da Aka Fara Daga Rufi

In kun ga dama ku yarda, in ba ku ga dama ba ku sha ruwa ku kwanta, amma ni na san ginin da aka fara daga rufi aka sauko zuwa harsashi. Na san me za ku ce. Haka maigidana ma ya ce.

Lokacin ba a daɗe da fito da naira ba, ina birkila a hannun wani dattijon magini ɗan Abakpa, mutumin da sau biyu aka taɓa ganin haƙoransa, duka biyun hamma yake yi. Ni kuwa bakina ba ya zama. Ran da na ce na ga wani kada ya hau bas a bakin gada ya biya kuɗin mota, ya ajiye cokalin gini ya ce, "Ƙarya ɗaya ta ƙara fitowa daga bakinka a wurin aikina, ka nemi wani ubangidan." Ga shi matata na da tsohon ciki, kuma duk Kaduna ba mai koyar da aiki kamarsa.

Sai ya tura ni gyaran katanga a Unguwar Rimi, gidan wani Ba'indiye malamin lissafi. Mahaifin malamin kullum yana baranda cikin farin mayafi, siriri kamar sillen kara. Ya kalli yadda nake jera bulo har kwana biyu, ran na uku ya yafito ni. Ya nuna mini hoto a gilashi. Ɗakin bautarsu ne na can ƙasarsu, ya ce ya fi shekara dubu. Turancinsa gurgu, nawa kuma a kan gadon asibiti yake, sai ya aika aka kawo sandar sabulun wanki da 'yar wuƙa.

Ya ce wannan sabulu dutse ne. Wani sarki ya sa mutane suka hau kansa, suka yanka rami ta gefe uku, suka bar ƙaton curi a tsakiya. Daga nan sai sassaƙa, daga ƙololuwa. Yana magana wuƙar na tafiya, garin sabulu na zuba a cinyarsa. Hasumiya ta fito hawa-hawa, sai ginshiƙai, sai ƙofa. A can ƙasa ya fitar da giwaye a jere, wai su ke ɗauke da ginin a bayansu. Ba tsani, ba siminti, ba bulo ko ɗaya. In hannunka ya goce ka cire abin da bai kamata ba, shi ke nan, ba a mayarwa. Wanda ya sassaƙa rufin, in ji shi, wataƙila jikansa ne ya ga ƙofa.

Na koma kan katanga, amma ban koma ba. Iska na kaɗa ganyen mangwaro, ni kuwa ina can kan dutse da guduma, rana a ƙeyata, ina taka rufin ɗakin da ba a yi ba tukuna. Ina jin giwayen a ƙarƙashin ƙafata suna numfashi a hankali, suna jira a tono su. Duk tudun da na hanga a hanyar gida, sai in ga kamar akwai tagogi a cikinsa an rufe. Har tuwon da aka ajiye mini na fara gutsura daga sama ina neman ginshiƙi.

Washegari bakin nan nawa ya ci amanata. Muna kwaɓa siminti a wurin aikin maigida na ce, "Maigida, ka san akwai inda ake fara gini daga rufi?"

Ya miƙo hannu. "Kawo cokalina."

"Wallahi wannan karon gaskiya ce!"

"Wancan karon ma wallahi ka ce."

Na zaro sabulun da tsohon ya ba ni daga aljihu. Ya juya shi, ya shinshina. "Wannan wanki ake yi da shi."

Da ƙyar na lallashe shi muka hau kekuna zuwa Unguwar Rimi. Ya ce shi ba zai shiga ba, sai tsohon ya fito da hoton bakin ƙofa. Maigida ya riƙe shi nesa, ya matso da shi kusa. Na ga babban yatsansa na bin bangon, yana neman layin da dutse ya hau kan dutse. Ya bi sama, ya bi ƙasa, bai samu ba. Ya daɗe a kan giwayen nan. Tsoffin biyu suka kalli juna, ba mai jin yaren wani, kowa ya gyaɗa kai.

A hanya na kasa haƙuri. "Maigida, yaya? A bar mini cokalin?"

"An bar maka. Yau dai ba ka yi ƙarya ba."

Da na yi shiru da an rabu lafiya. Sai na ce, "Ni fa yanzu irin wannan aikin nake so. Jera bulo ai na yara ne."

Bai ko waiwayo ba.

"Madalla. Gobe ka zo da diga, akwai rijiyar da za a haƙa a Kinkinau. Ita ma daga sama ake fara ta."