Ranar Da Ƙanena Ya Sha Ruwa A Talabijin

Ni na tsaya wa ƙanena har Baba ya yarda ya tafi Amurka karatu. Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa: ranar da ya ji yaron ya yi wasa da salla ko azumi, ranar zai dawo Madina, ko da saura mako guda ya gama. Na bugi ƙirji na ce a wuyana.

A shekararsa ta biyu aka ɗauke shi ƙungiyar ƙwallon jami'arsu. Ba irin tamu ba, tasu ce mai kama da gwanda, wadda mutum zai rungume ya ruga, ƙatti su bi shi su danne. Ban yi mamaki ba, don tun yana ƙarami a unguwarmu ta Ranuna in an aike shi sayen burodi da gudu yake zuwa, da gudu yake dawowa. Kakar wasa ta farko a benci ya ƙare ta. Da ta biyu ta kama sai ya bugo waya yana ɗoki, wai da shi za a fara, kuma jami'ar tana nuna wasan kai tsaye a intanet.

Da na ja bakina na yi shiru da an zauna lafiya, amma ina. Wasan ya faɗo cikin Ramadan, tsakar ranarsu kuma ta yi daidai da bayan magaribarmu, sai na ce a zo gidanmu buɗa-baki a ga ɗanmu. Kawu ya taso tun daga unguwar Ƙiblatain. Maƙwabcinmu, mutumin Nijar da ke aikin kayan alhazai a filin jirgi, ya zo da abokan Baba. Na jona kwamfuta da talabijin ɗin falo, aka jera dabino da sambusa da kunun gyaɗar Inna. Baba ya sa sabuwar jallabiya, shi da ya ce wasan banza ne.

Ni ne mai sharhi, alhali ban san komai ba. Kawu ya yi ta tambaya da Hausarsa mai gauraye da Larabci, "Ya waladi, wannan ƙwallo ce ko dambe? Lesh, don me suke ta faɗa wa juna?" Ina ta ƙago musu dokoki. Duk fuskokin suna cikin hular kwano, sai ta lambar riga nake nuna musu namu.

Can sai aka miƙa masa ƙwallon. Ya zille wa ɗaya, ya tsallake wani, ya miƙe da gudu har ƙarshen fili. Falo ya kaure da kabbara. Baba, wanda ban taɓa ganin ya yi tafi ba, ya miƙe tsaye da kofin shayi a hannu.

Kyamara ta bi shi har bakin fili. Ya cire hular, fuskarsa ta cika talabijin, rana na ƙyalli a goshinsa. Wani ya miƙo masa gora. Ya ɗaga kai ya kwankwaɗa, muna kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya ce a hankali, "Yimkin, wataƙila can ma rana ta faɗi," amma ko shi bai yarda da maganarsa ba, ga inuwar kowa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Baba ya zauna. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "A garinsu suke wasan, ko tafiya suka yi?"

Na san Baba. Ba tambaya yake yi ba, roƙona yake. Mutumin da ko a ciniki bai yarda a ƙara gishiri ba, yau shi ke neman in yi masa ƙarya a gaban abokansa. Ga kuma sunan jami'ar ƙanena rubuce ɓaro-ɓaro a tsakiyar filin, alamar a gida suke.

Na ce, "Tafiya suka yi, Baba. Mai nisa."

Maƙwabcinmu yana karanta boko sarai, kullum cikin takardun jakunkuna yake. Ya dubi filin, ya dube ni, sannan ya ce, "Kalas, matafiyi ne. Allah ma ya sauƙaƙe masa." Kowa ya yi caraf ya ce haka ne. Wannan rufin asiri ya fi zagi yi mini ciwo. Ba a jira kiran isha ba aka fara neman takalma.

Bayan asham ƙanena ya bugo, muryarsa har rawa take don murna, sun ci wasa. Na yi niyyar in fita da wayar waje, Baba ya miƙo hannu. Ina jin yaron yana cewa, "Baba, kun gan ni? Wallahi kun gan ni?"

Na tsaya ina jiran a ce masa ya haɗa kayansa.

"Mun gan ka," in ji Baba. "Dukanmu mun gan ka."

Ya miƙo mini wayar ya shige ɗaki. Bai dawo da ƙanena gida ba. Kakar ta ci gaba har sanyi ya shigo, ƙanena yana ta turo mini ranakun wasa, Baba kuwa bai sake tambayata labarinsa ba, sai dai ya tambayi Inna.