Ranar da Thelma ta ɗauko sukarin shayi

Shekara talatin da huɗu Ivor Chedzoy ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyukan Somerset, amma in ka ambaci sunansa, giyar tuffarsa mutane ke fara tunawa. Bishiyoyi uku kacal gare shi a bayan gida. Duk Oktoba sai ya tsince 'ya'yan, ya markaɗe, ya matse ruwan cikin manyan tulunan gilashi, ya bar shi ya tsimu har tsakiyar sanyi. Daga nan sai ranar ɗura wa kwalabe, ranar da ko kyanwa ba ta isa ta gifta ta kicin ba.

Kafin a rufe kowace kwalba akan zuba mata ɗan sukari don giyar ta yi kumfa. To a nan Ivor yake da taurin kai. Akwai wani farin gari mai laushi da ake sayar wa masu haɗa giya a gida, wai shi sukarin giya, da shi kaɗai ya yarda. Sai ya tuƙa mota har wani shago a garin Taunton saboda ƙulli ɗaya. Matarsa Thelma ta sha ce masa, "Ga sukari cike da gwangwani, kai sai ka ƙona mai?" Shi kuwa ya ce, "Wannan na shayi ne, yarinya. Ki bar shi a inda yake." Shekararta saba'in da biyu a lokacin.

A watan Agustan bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya dawo daga asibiti da sanda, baki a ɗan karkace. Likita ya ce maganarsa za ta dawo in dai yana gwadawa, amma Ivor ya ƙi. Mutumin da ya saba tsayawa a kowace ƙofa yana zuba surutu har wasiƙun mutane su makara, yanzu kunyar yadda kalmomi ke fita daga bakinsa yake ji, sai ya kame bakin ƙam. In Thelma ta tambaye shi abu, ya ɗaga kai ko ya girgiza. Shirun nan ya fi ciwon ci mata rai. Tsoronta shi ne kada ya saba, ya tafi bai ƙara ce mata komai ba.

Tuffa ba ruwanta da mai ciwo, ta nuna ta fara zuba. Thelma da 'yarsu Bryony suka tsince, suka matse, suka cika tuluna biyu. Ivor yana kallonsu ta taga, bai ce uffan ba.

Wata Asabar da hantsi cikin Janairu, Thelma ta wanke kwalabe arba'in ta jera a teburin kicin. Ta sa Bryony ta kawo babanta kusa da murhu, wai nan ya fi ɗumi. Sannan ta ɗauko gwangwanin sukarin shayi ta dire a gabansa, ta zaro cokalin miya.

"Mama, ai akwai sauran na Baba a saman kabad," in ji Bryony a hankali.

"Ya ƙare," in ji Thelma, ko kallonta ba ta yi ba.

Ta ciko cokalin har ya yi tozo, ta juye a kwalbar farko. Ta juye a ta biyu. Ivor ya gyara zama. Da ta kai ta uku sai ya buga sanda a ƙasa.

"Ni ban iya yaren sanda ba, tsoho," in ji ta. "In da magana ka faɗa."

Ta san abin da take yi masa da zafi, ta kuma san in ya tashi ya bar kicin ɗin, ba ta da wata dabarar. Ta sake ciko cokalin.

"Ra... rabi."

Muryar a shaƙe ta fito, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Bryony ta juya ta fuskanci taga.

"Rabin me?" in ji Thelma.

"Ƙaramin... cokali." Gumi ya tsattsafo masa a goshi. "Za su... fashe."

"To ai na shayi ne, ka ce ba ya yi. Shi ya sa nake cikawa."

"Yana yi. Ya ma fi... ƙarfi. Ki rage."

Thelma ta ajiye cokalin ta riƙe ƙugu. "Au, ashe yana yi? To me kake zuwa nema a Taunton duk shekarun nan?"

Ya daɗe yana kokawa da harshensa, su kuma suka jira shi, ba wadda ta taya shi.

"Akwai... mai kek... kusa da shagon."

"Munafuki," in ji Thelma, hawaye na zubo mata. "Ko gutsure ba ka taɓa kawo mini ba."

Ɓarin bakinsa mai lafiya ya yi dariya.

Ta zazzage kwalabe ukun nan ta ɗauraye. Ta sa masa ƙaramin cokali a hannun hagu, ita ta riƙe mazurari. Bai saba da hagu ba, rabin sukarin a tebur yake ƙarewa, ba wanda ya damu. Bryony ce ke ɗura giyar tana buga murafe.

Aikin awa ɗaya ya kai su har la'asar. Bryony ta lura duk bayan kwalba biyar ko shida sai mamarta ta karkata mazurarin, ko ta miƙo wadda aka riga aka zuba wa, shi kuma ya hau ta da faɗa, kalma ɗaya bayan ɗaya. Thelma ta sunkuyar da kai tana saurare. Wata biyar ke nan tana jiran wannan faɗan.