Gyadar da Sikeli Ya Ƙi

A watan nan yayata Dije ta cika shekara talatin da ɗaya da rasuwa, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Kafin in shiga maganarta bari in rage wa mai karatu wahala. Kowane labari yana da wawansa, na wannan kuwa shi ne yake riƙe da alƙalami. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya kai tsakiya ya ɗauka shi ya gano.

Ni ne masanin gidanmu. Aji uku cur na yi a elementare ta Gumel, kafin malamai su duba su ga ilimin ya ishe ni haka nan. Na fito ina haɗa baƙi, ina ƙirga har ɗari in ba a katse ni ba, sannan na riƙe jimla ɗaya daga darasin tsabta kamar wanda aka ba laya: wuta tana kashe ƙwayoyin cuta. A tafasa, a soya, magana ta ƙare. Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Nawa ƙuƙumin bai tsaya a wuyana ba, har wuyan ɗana ya kai.

Yaya Dije ta girme ni da shekara goma, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ba ta taɓa taka ƙofar aji ba. Har ta koma ga Allah, ina da furfura ina da jikoki, Auta take ce mini. In ta so ta tsokane ni sai ta ce Akawu, ta ja wasalin ƙarshe yadda duk wanda ke wurin zai gane ba yabo ba ne.

Zamanin da nake magana zamanin gyada ne, 'yan shekaru kafin Turawa su naɗe tabarmarsu. Na samu aiki a wata rumfar awo kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa. A gari akawu nake ce wa kaina, amma ainihin aikina shi ne tsayawa kusa da akawu. Manomi ya kawo buhu, mai duba gyada ya soka ƙarfe ya zubo ta a rariya. Wadda ta cika ido, ja sumul, ta hau sikeli ta hau jirgi, a kai wa Bature garinsu. Wadda ta motse, ko ta yi baƙi, ko ka ɓara ka ga ƙura-ƙura kore a cikinta, a ture ta gefe. Da manoma suka gane haka sai suka koma tsincewa tun daga gida: mai kyau ta tafi sikeli, tsintar ta shiga madafi. Daga Maigatari har Sule Tankarkar haka ake yi, ba wanda yake ganin laifi a ciki. Abinci ne, ai ba a zubar da abinci.

A wata shekara ruwa ya yi mana ba-zata da kaka, bayan an cire gyada an tara ta a gona. Ta jiƙe, ta kwana a jiƙe, funfuna ta kama ta. A rumfarmu wadda aka ture ta yi tsibi guda, mai rumfa ya ce duk mai so ya kwasa. Na kwasa har da gudu.

Shekarar ce aka yaye ɗana na fari. Sunan mahaifinmu aka sa masa, don haka Abba muke ce masa, ita kuwa Yaya sai ta ce Babana. Bisa al'ada gidan kaka ake kai yaro yaye, tun da ba mu da uwa sai aka kai shi wurin Yaya, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Sule Tankarkar. Kunun gyada shi ne abin da ake lallashin yayayye da shi. Na ɗora buhu guda a jaki na aika mata, ina jin kaina kamar wanda ya kai gaisuwar Sallah da raƙumi.

Bayan kwana goma na je dubo yaro. Na tarar da ita a gindin darbejiya da faifai a cinya. Ta ɗauki ƙwaya ta juya ta, ta ɓara, wata ta gatsa ta tofar. Abin da ta yarda da shi a buhun nan bai cika ƙwarya biyu ba. Sauran kuwa ta haƙa rami bayan danga ta binne, kamar mushe.

Na ce, "Yaya, wannan wane irin almubazzaranci ne? Ko kaji ai kya ba."

Ta ce, "Na taɓa ba agwagina irinta, wata shekara mai ruwan kaka kamar wannan. 'Ya'ya goma sha ɗaya, ko ɗaya bai yi gashi ba. Abin da ya kashe ɗan agwagwa ba zan dama wa Babana ba."

Na yi dariya irin ta masu ilimi, wadda ake yi ta hanci. Na bayyana mata cewa agwagwa ɗanya ta ci, mu kuwa soyawa muke yi mu tafasa, kuma an tabbatar a makaranta wuta tana kashe komai. Ta ce ita dai ɗacin nan ba ya fita ko an soya. Na ce wannan camfi ne. Raina ya ɓaci, ba don gyadar ba, don an binne kyautata a gaban maƙwabta. Ranar na ɗauke yaro na mayar da shi Gagarawa. A bakin zaure ta ce, "Auta, ɗan naka ne, amma sunan ubana yake amsawa." Ban waiwayo ba.

Mai ɗakina Ramatu yarinya ce a lokacin, abin da na ce shi take yi. Na kawo wani buhun na ce ta soya sosai. Kunu safe da yamma, ƙuliƙuli a hannu yana gwaguya. In yaro ya ture ludayi saboda ɗaci, a ƙara tsamiya da mazarƙwaila. Buhu ya ƙare in kawo wani. Haka muka ci rani, muka ci bazara, muka shiga damina. Da kaka ta zagayo ban canja hali ba, don ko shekarar da ba a yi ruwan ba-zata ba rumfa ba ta rasa abin turewa.

Da abin nan yana da ihu da sauƙi. Amai da gudawa in suka shigo gida kowa ya sani, a tashi a nemi magani. Wannan ba haka yake ba. Yaron bai faɗi ba, tsayawa ya yi. Rigar da aka ɗinka masa a Ƙaramar Sallah ita ya sa wata Ƙaramar Sallar, ba ta ɗage ko yatsa ɗaya ba. Ga yawan laulayi, ga ciki a gaba, ƙafafu kamar sillen kara. Ni kuma ga kunyar ɗan fari: ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, in ya rarrafo wurina sai in kau da kai don kada a ce ba ni da ta ido. Ni da nake wuni ina faɗin nauyin buhu tun bai hau sikeli ba, ban san nauyin ɗana ba.

Mata suka ce ya sha ciki, alhali Ramatu ba ta da komai a lokacin. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce maye ya kama kurwarsa. Aka yi rubutu, aka rataya laya, aka yi turare. Duk wanda ya tashi neman mai laifi Ramatu yake kallo, ta kuwa ɗauki laifin ta tafi da shi kabari. Ba wanda ya kalli buhun da ke jingine a bayan ƙofa, balle mai ilimin da ya kawo shi.

Shekara uku bayan Abba aka haifi ƙanwarsa Hadiza. Ita a hannun Yaya ta yi yaye, ta kuma zauna can har ta yi wayo. Tana shekara biyar yana takwas kawunansu suka daidaita, daga nan ta wuce shi. Baƙo in ya zo sai ya tambaya wane ne babba. Yara suka sa masa Guntu, sunan ya bi shi har girma. Ya koyi ɗinki ya zauna a Maigatari, sai da ya ɗaura katako a matakin keke kafin ƙafarsa ta kai. Mutum ne mai raha, shi yake fara yi wa kansa ba'a kafin a yi masa. Bai cika arba'in ba ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, aka ce hanta ce. Ranar zaman makoki na zauna ina jiran Yaya ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Babana ya tafi sau biyu." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ina da jika, 'yar Hadiza, tana aiki a wani ƙaramin asibiti inda ake awon yara. Sikeli dai bai bar zuriyata ba, sai dai ita mutane take ɗorawa a kai. Kwanaki ta zo gaishe ni take ba ni labarin yaran da suke tsumburewa, shekara huɗu kamar biyu. Ta ce yunwa tana ciki, ƙazantar ruwa tana ciki, sannan akwai dafin da funfuna take bari a gyada da masara in an adana su da danshi. Ta faɗi sunansa da Turanci, na ce ta mayar da abinta jaka, haƙorana ba za su iya ba. Ta ce yana taruwa ne kaɗan-kaɗan, ya taɓa hanta, ya hana jikin yaro cin moriyar abin da ya ci. Na gyara zama na ce, to amma in an soya fa? Ta ce, "Tsoho, funfunar ce take mutuwa a wuta, dafin yana nan daram." Na tambaye ta ko shi ya kashe kawunta. Ta ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka. Na san tausayina ta ji. Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma tsawon da yaron nan bai yi ba, wannan na san hannun da ya karɓe shi.

Nakan ce da Yaya za ta leƙo yau, me za ta gani? Za ta ga manyan motoci suna layi a Maigatari, riɗi da zoɓo mai kyau suna tafiya ƙasashen da ba mu san sunansu ba. Za ta ga masara da ba mu saba da ita ba ta cika gari, ana ɗure ta a buhun leda tun ba ta gama bushewa ba. Za ta ga a kasuwar Gumel har gobe akwai kwano biyu, na gyada mai kyau da na mai araha, kuma ba sai an gaya mata wanne ne yake zuwa gidan mai yaye ba. Dalar gyada ta rushe, jirgin ya daina tsayawa, Bature ya tafi, amma ɗabi'ar tana nan: na gari a kai waje, tsinta a ba yara. Ina jin ba za ta yi wa'azi ba. Za ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta gatsa, ta tofar a gaban mai kaya, ta wuce.

Ba na zargin uwar da ta sayi mai araha. Mai ƙoshi ne yake tsince abinci, na sani. Sai dai Yaya ma ba mai ƙoshi ba ce. A shekarar da ta binne buhuna rumbunta bai kai damina ba, da tafasa da rama suka ƙarasa. Ta dai zaɓi Babanta ya sha kunun gero tsurarsa da ya sha mai gardi da ɗaci a ƙasansa.

Ba ta bar hoto ba, ba ta bar gida ba, kabarinta ma yashi ya shafe shi. Abin da ta bari faifai ne. Duk macen da ta fito daga tsatsonmu, in za ta dama wa yaro kunu sai ta zauna ta tsince ƙwaya-ƙwaya, wadda ta motse ko ta sauya launi a haƙa a binne, ko kaza ba a ba. Yawancinsu ba su san dalili ba, sun dai ce haka Dije take yi. Ni da na san dalili, da ɗana na saye shi.

Kada mai karatu ya ɗauka ganin halin Abba ne ya shiryar da ni. Kan mai aji uku ya fi haka tauri. Ranar da na kai Hadiza yaye, a bayan jakin akwai rabin buhu na irin waccan gyadar. Eh, na sake. Na sauke shi a tsakar gida, na gyara murya, na yi wa Yaya bayani tiryan-tiryan: ciwon Abba daga Allah ne, gyada ba ta da laifi, Turawa da kansu suka rubuta a littafi cewa wuta tana kashe komai, kuma ba a jayayya da littafi. Ta karɓi yarinya ta goya, ta ɗaure zani, ko buhun ba ta kalla ba. Sannan ta ce:

"Akawu, shi Baturen da ya ce ba ya son gyadar nan, a garinsu babu wuta ne?"