Jan Farce

Yatsana na nuni, na hannun dama, a karkace yake, kuma ba tsufa ba ne ya karkata shi. Jikana Tobin Haugland ne ya kai masa shuri yana ɗan shekara goma sha ɗaya, a bayan rumbun alkamarmu, nan jihar Dakota ta Arewa a Amurka. Matan cocinmu sukan ce, "Verna, ki je likita ya miƙe miki shi mana." Ni kuwa in ce su bar min abina, su ji da gwiwoyinsu.

Tobin bai gaji jikin gidanmu ba. Ubansa Arlen sai ya karkace yake shiga ƙofa, shi kuwa yaron ya fito siriri kamar muciya. A garinmu namijin da ba ya ƙwallo ba a san da zamansa ba, ƙwallon kuma ta ture-ture ce, ƙato ya danne ƙato. Ranar farko da ya je filin makaranta aka maido min shi da haƙori ɗaya a aljihu. Na dube shi na ce, "Kai ba na dannewa ba ne. Amma akwai wani malalaci guda a kowace ƙungiya, wanda yake zaune a benci awa uku yana hamma, a kira shi ya zo ya shuri ƙwallo ta wuce tsakanin sanduna biyu, a ba su maki uku, ya koma ya zauna. Wannan aikin ya yi kama da kai."

Sai dai mai shuri ba ya aiki shi kaɗai. Dole wani ya durƙusa ya tsayar masa da ƙwallon, ya dafe kanta da yatsa ɗaya, ya juya ɗinkin ya kalli gaba. Arlen yana gona, uwar yaron tana aikin asibiti. Saura wa? Ni, da shekara sittin da ɗaya, durƙushe a kan buhu.

Ƙafa yana da ita, ban taɓa musu ba. Ciwonsa ɗaya: son ganin ƙwaƙwaf. Tun ƙafar ba ta taɓa ƙwallo ba ya ɗaga kai yana neman inda za ta faɗa. Da kai ya tashi sai kafaɗa ta bi shi, ƙwallo ta yi hagu. Ranar da ya karya min yatsa ma haka aka yi, yana kallon sama kamar mai jiran ruwa. Da aka kwance min ɗauri na je kanti na sayo jan farce, ja wur, irin wanda matar fasto take kira na 'yan rawa. Na shafa wa yatsan nan shi kaɗai.

Na ce, "Ka ga wannan? Shi za ka kalla. Sanduna ba su da ƙafa, ba inda za su. In ka ɗaga ido daga farcen nan kafin ka ji ƙarar shuri, ba kai ba abincin rana."

Ya ce, "Kaka, abincinki ma in an hana ni ai taimako ne."

Amma ya kalla. Shekara bakwai yana kallon farcen nan, rani da sanyi, har cikin ƙanƙara. A sakandare ya ci wa garinmu wasan da har yau masu aski ba su gama ba da labarinsa ba. Jami'a ta ɗauke shi saboda ƙafar, ya yi shekara huɗu yana shuri, a gefe yana karatun noma don kada a ce bai yi komai ba. A can wasu ne suke dafe masa ƙwallo, da farcensu fari fat, bai kuwa sami matsala ba. Na ɗauka ciwon ya warke. Na jefa kwalbar a aljihun tebur tare da tsofaffin maɓallai.

Manyan ƙungiyoyi, masu biyan albashi, ba su yi rububinsa ba. Kowace mai shuri ɗaya take ajiyewa, masu neman gurbin kuwa sun fi ƙudan juji. Sukan gayyaci biyu da rani su gwada, ƙarshen Agusta su sallami ɗaya. Yadda suke sallamar ma abin haushi ne. Ranar yanke hukunci, wanda aka ɗauka ba mai ce masa uffan. Wanda za a kora shi ake bugo wa waya a ce, "Koci yana son ganinka, ka taho da littafin wasanka." Sau biyu Tobin yana jin wannan jumlar. Sau biyu ya dawo gida yana tuƙa motar alkama, mutane suna gaishe shi a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Gayyata ta uku ta zo yana da shekara ashirin da bakwai, matarsa Joelle tana da ciki wata shida. A kan teburina ya yi mata alkawari: in aka sake kiran littafi, ya rataye takalmi har abada, ya karɓi aikin awon hatsi da ake ta yi masa tayi. Joelle ba ta matsa masa ba, shi ya faɗa da bakinsa. Na san kuma zai cika, ya yi shekara arba'in yana auna alkama yana haɗiye abin a ransa.

Ƙungiyar can yamma take, tafiyar yini guda a mota. Abokin takararsa ɗan shekara ashirin da biyu ne, ƙafa kamar ta ingarma. A wasan gwaji na biyu ina zaune gaban talabijin Tobin ya zubar da shuri biyu, duka hagu. Masu sharhi suna ta surutun iska. Wace iska? Ni haɓarsa na gani ta tashi. Tsoro ne ya dawo masa da tsohon ciwo.

Na kira Arlen. "Zuba mai, za ka kai ni."

"Mama, mutanen nan suna da kociyoyi ashirin."

"To a cikin ashirin ɗin wa ya taɓa ba da yatsansa?"

Ba Tobin na nema ba da muka isa. Mai dafe masa ƙwallo na nema, wani dogo ɗan jihar Luwiziyana mai suna Corwin Batiste. Na tare shi a gidan abinci da rana tsaka, yana fama da farantin kaza. Na zauna ba gayyata, na dire kwalbar a gabansa.

Ya dubi kwalba, ya dube ni. "Mama, ko dai kin ɓata hanya ne?"

"Ni ce kakar wanda yake zubar maka da ƙwallo hagu. Miƙo hannun."

Na yi masa bayani. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kin san mutum nawa ne a ɗakin canza kayanmu? Ƙarti tamanin. In na shiga da jan farce sai jikokina sun ji labari."

Na ce, "Ɗana, aikinka fa durƙuso ne a gaban mutum dubu sittin, kana riƙe wa wani ƙwallo. Wane girma ya rage da farce zai zubar?"

Ya ajiye cokali. "Haka kike yi wa kowa?"

"Kai na raga maka, don ina neman alfarma."

Sannan ya ce shi ma ya gaji da ganin yaron yana fita fili kamar mai zuwa kotu. Ya miƙo yatsa. Na shafa har gefen fata. Ya ce, "Ko fenti ba ki iya ba." Na ce ya hura ya bushe, ya rufe min baki.

Wasan ƙarshe ranar Asabar ne da la'asar. Ban gaya wa Tobin na zo ba. Ina can sama cikin jama'a, Arlen ya cinye kujera ɗaya da rabi. An kusa tashi aka kira Tobin, shuri daga nisan yadi arba'in da tara. Ya auna takunsa, uku baya, biyu gefe. Corwin ya durƙusa ya miƙa hannu. Daga inda nake ba na ganin farce, amma na ga Tobin ya tsaya cak, ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa. Daidai nan kocin ɗaya ɓangaren ya nemi hutu, dabararsu ta barin mai shuri ya tsaya ya jiƙa cikin tunani. Sun yi asara. Minti biyun nan Tobin dariya ya yi ta yi, har yana dafa gwiwa.

Aka busa. Ya tako, ya shura. Ƙwallo ta tafi ɗoɗar ta ratsa tsakiya. Fili ya ɗauki ihu, shi kuwa gogan kansa yana ƙasa, yana kallon inda yatsa yake. Sai da Corwin ya ƙwanƙwasa masa hular kwano ya ce ya ɗago, an gama.

Saura Talata, ranar yanke hukunci. Tobin ya ce min wa'adin ƙarfe biyu ne. In biyu ta yi waya ba ta yi ƙara ba, ya tsira. Na koma gida na zauna gaban agogon kicin tun safe. Kofi huɗu na sha. Biyu tana bugawa na ɗauki waya na kira shi. Na manta shaf cewa agogonsu yana bayan namu da awa guda.

Ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka. Muryarsa kamar daga rijiya. "Tobin ne. Ina zuwa da littafin."

"Wane littafi? Ni ce."

Na ji numfashinsa, na ji Joelle a gefe tana tambayar wane ne. Ya ce, "Kaka. Ƙarfe ɗaya ne a nan. Kin kusa sa matata ta haihu yau."

"To ai sai ka gode, na gwada maka wayar tana aiki."

"Ki ajiye. Don Allah ki ajiye, kada ki sake taɓa ta."

Na ajiye. Awar nan ban iya ko zama ba, na goge tebur sau uku. Uku da minti ɗaya a agogona wayar ta yi ƙara. Bai yi sallama ba, cewa ya yi, "Ba wanda ya kira. Sai wata tsohuwa." Na zauna a kan kwandon dankali, na ce masa dama na sani, ni ban damu ba ko kaɗan.

Kakar wasa shida ya yi musu yana shuri. Corwin bai fasa shafa farcen ba, kuma ya fi ni iyawa yanzu. 'Yar da Joelle ta haifa sun sa mata Verna, wai don girmamawa. Ni na san ramuwa ce, don bakinta ya fi nawa.