Itacen da Kakana Ya Kasa Shukawa

Jiya wani kafinta a Kafanchan yana feƙe katako, ƙamshin ƙaro ya buge ni, na tsaya kamar wadda aka kira.

A ƙauyenmu akwai dogayen itatuwa a bayan majami'a, masu ganye kamar tsintsiya. Itacen mishan muke ce musu. Ba su taɓa yin fure ba, sai dai su zubo da busassun 'ya'ya masu kama da ƙaramar abarba. Kakata tana son kukan da suke yi in iska ta taso, har ta sa kakana ya yi mata alkawarin shuka ɗaya a kan kabarinta.

Kakana manomin citta ne, kuma a ganinsa duk abin da aka binne zai tsiro. Bayan rasuwarta, kowace damina sai ya tsinto 'ya'yan nan ya binne su ɗungum, ya zuba taki, ya yi ta jira. Ko tsinke bai fito ba. Maƙwabta suka riƙa tsokanarsa wai tsohuwar ce ta ƙi. Yakan yi dariya, amma na sha ganinsa tsugune a wurin yana tona ƙasa da yatsa, abin yana ba ni tausayi.

Sai da na shiga kwalejin malamai na gane. Irin shuka na itacen nan ba ya ɓuya cikin nama kamar na mangwaro. A fili yake tsakanin ɓawon, da ɗan fiffikensa, kuma da rana ta buɗe ɓawon sai iska ta kwashe shi. Wanda ya faɗo ƙasa fanko ne.

Da hutu na sa aka tsinko mini waɗanda ba su buɗe ba, na shanya a faifai. Da suka buɗe na kakkaɓe irin a tafin kakana. Ya daɗe yana dubansa.

"Ashe gidan nake binnewa, masu gidan sun riga sun tashi," in ji shi. "Kawo mini ruwa, jikata."

Irin ya tsiro a kan kabarin kakata, amma kakana bai rayu ya ga tsayinsa ya wuce gwiwa ba.

Yanzu an sare na bayan majami'a duka, an yi rufin sabon gini da su. Ɗaya ne ya rage a ƙauyen, yana bayan gidanmu, kuma kaburbura biyu ne a ƙarƙashinsa.